Ranar da Aka Ce In Tsallaka Matar Maƙwabcinmu

Har in koma ga Allah ba zan manta da daminar da Latinanci ya kusa jawo wa gidanmu sunan maita ba.

Ina lakwal, wato makarantar boko, a Yamai lokacin. Wani mushe, malaminmu, ya ara mini littafin tsohuwar waƙar yaƙi ta mutanen Rum, ya ce ba zan iya karanta ta ba sai na haddace kalmominta na Latinanci. Na zo hutu Tsarnawa aljihuna cike da 'yan takardu a nannaɗe, kowace da kalma ɗaya. A hanyar gona ina warwarewa ina ƙunƙuni. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce ba zai gane ba. Girman kai ne kawai irin na ɗan lakwal.

Ana nan sai matar maƙwabcinmu ta kwanta da masassara, har tana sambatu. Aka tsinci takardata ɗaya a bakin rijiyar da take ɗibar ruwa. Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika.

Mijinta ya nuna ni ya ce, "Ya zo ya tsallake ta, ya sakar mata kurwa."

In na tsallaka ta warke, na tabbata maye. Kuma a wajenmu maita a nono ake shan ta, wato Inna da ƙannena mata sun shiga uku. In na ƙi ta mutu, ni na kashe ta. Na hango Inna a bakin zaure, ta dafa bango.

Baba ya sa na zazzage aljihuna gaban liman. "Faɗa muna mi ke ciki, ɗaya bayan ɗaya."

Na fara: wannan takobi, wannan teku, wannan garkuwa. Liman yana yi wa kowace alama da tawada. Ya cakuɗa su, ya sake miƙo mini har sau uku, ko zan canza magana. Ban canza ba.

Liman ya ce, "Yaron ga karatu yake yi. Ku kai matar likita."

Baba da kansa ya ɗaura amalanke aka kai ta Ƙonni. Bayan kwana shida ta dawo da ƙafarta. Duk da haka, sai da aka shekara biyu wasu matan ba su taɓa tuwon Inna ba, ita kuwa ba ta taɓa yi mini gori ba.

Tun daga nan na gane, ilimin da ka raina mutanenka ka ƙi yi musu bayaninsa, su za su yi masa fassara, kuma ba a kanka kaɗai wahalar za ta sauka ba.