Na'urar Awon Sugan Baba

Ana tsakiyar zafi, kafin ruwan farko, ni da yayana muka raka Baba gonarsa ta wajen Gubi. Baba ya daɗe da ciwon suga, allurar rage suga yake yi safe da yamma. Muna zagaya iyakar gonar sai ya tsaya ya dafa kafaɗata. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, harshensa ya fara harɗewa. Muka zaunar da shi a gindin mangwaro.

Yaya ya ruga mota ya ɗauko na'urar awon suga. Ashe a rana muka bar ta, a cikin mota, gaban gilashi. Ya kunna, ta yi ƙara, amma fuskarta baƙi ƙirin, ko lamba ɗaya ba a gani.

"Sugan hawa ya yi," in ji Yaya. "Jiya ya ci abincin biki. Miƙo allurar."

"Yaya, in sauka ya yi fa? Allurar ce za ta ƙarasa shi."

Ya daka mini tsawa, ya danna fuskar na'urar da babban yatsa. Wani launi ya bazu kamar mai a kan ruwa, ya sake komawa baƙi. Na fizge ta. A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a nake aiki, na san abin da ke tsakanin gilasai biyun da ke fuskar na'urar: wani abu ne mai laushi, shi ba ruwa ba, shi ba daskararre ba. Wutar batir ke juya shi, ya tare haske ko ya bar shi ya wuce, da haka lambobi ke fitowa. Zafi na hargitsa shi, amma in ya huce yakan dawo daidai.

Na sa ta a leda, na jiƙa gefen mayafina da ruwan gora, na naɗe ta ina fifita. Baba ya fara kiran mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun kafin a haife ni. Yaya na tsaye a kaina, har ya zare murfin allurar.

Baƙin ya soma janyewa daga gefe. Na soki yatsan Baba, na auna jinin. Lambar ta fito dishi-dishi: sugan ya faɗi ƙasa warwas.

Yaya ya kalli allurar, ya mayar da murfin a hankali. Akwai lemon kwalba a mota, duk ya ɗumame, muka riƙa ba Baba kurɓi-kurɓi. Can ya ɗago, ya tambaye mu me ya sa muka tsaya masa a ka.

Muka ɗauke shi muka shigo gari. A ƙofar asibiti Yaya ya ce in shiga da Baba, shi zai ɗan zauna a mota tukuna.