Ranar da Malam ya ga masu cin dasashinsa

Ko zan manta komai na zamanmu a Abijan, ban da ranar da na ja maigidana zuwa asibitin Treichville, shekarun da ake yaƙin Turawa.

Dillalin goro ne a kasuwar Adjamé, kuma haƙoransa ne jarinsa. In mai saye ya tsaya yana shakka, sai ya zaro goro daga huhu ya gatsa, ƙas! Ƙarar nan kaɗai ta isa shaida cewa sabo ne. Sai dasashinsa ya kumbura, jini da mugunya suna fita, haƙora suna girgiɗi. Ya daina gatsa, masu saye suka fara wucewa. Mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin titi ya koma rufe baki da rawani. Wallahi abin ya ci mini rai.

Shi dai ya kafe sammu ne aka yi masa, kullum yana turaren karya shi. Na ce, "Malam, turaren nan ya ishe ni, har tuwona ƙamshinsa yake. Tashi mu je!"

Muka tsallaka wata gada da ke lilo a kan ruwa, yana mita har muka isa. Likitan, wani baƙin mutum mai fara'a, ya ɗan lakato dattin gindin haƙorinsa ya shafa a gilashi, ya sa ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu. Ya ce da Julanci, yaren kasuwar can, "Zo ka ga masu sammun naka."

Malam ya kanne ido ɗaya ya leƙa, ya yi tsalle baya. "La'ilaha! Motsi suke! Duk a bakina? Ko sallama babu?" Ni ma na leƙa: wasu 'yan zare-zare ne suna ta wutsil-wutsil. Muka yi dariya har da hawaye. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne, a dattin nan suke zama suna cin dasashi har haƙori ya rasa mariƙa.

Aka kankare masa, ya sha zafi kam, haƙora biyu suka tafi. Sauran kuwa, da asuwaki da ruwan gishiri safe da yamma, a hankali suka zauna. Ni ce 'yar sandan.

Wata rana na kai masa abinci kasuwa, tun daga nesa na ji ƙas! Na tsaya da kwano a kai ina kuka kamar yarinya. Ya hango ni, ya washe giɓinsa ya ce, "Uwargida, mun kori baƙin!"

Tun ranar, in ciwo ya shigo gidana, sai an je an duba abin da ke kawo shi kafin a zargi kowa. Jikokina kuwa sun sani, ba mai karyawa a gabana bai goge baki ba.