La'asar ɗin da Na Ja a Tsohuwar Masaƙar Lodz

Wannan abu da ni ya faru, wallahi tallahi, ba a bakin wani na ji ba, kuma ban zauna na ƙaga shi don a yi hira ba. Shekara shida ke nan ko bakwai. A lokacin ina da ɗan shago a kasuwar yadi ta Bur Dubai, ina ɗaure wa 'yan Kano atamfa da shadda da leshi dila-dila ana saka musu a kwantena. Kwana kuma a unguwar Al Buteen nake yi, kullum da safe in tsallaka ruwa a kwalekwalen nan da suke kira abra, da yamma in dawo.

Sai na fara gaya muku labarin mahaifina, in ba haka ba sauran ba zai shiga ba. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kano, ya yi shekara ashirin da wani abu a gaban inji, har ranar da aka rufe kamfanin aka ce kowa ya kama gabansa. Abin da ya fito da shi daga can shi ne ciwon ƙirji, saboda ƙurar auduga da ya yi ta shaƙa. In yana numfashi akwai wani ɗan siririn fito da yake biyo bayan kowane ja, ko kana zaure shi yana ɗaki sai ka ji shi, ga warin man zafi da yake shafawa a ƙirji wanda ya kama duk rigunansa. Shi a wajensa kayan waje masu araha su suka kashe masaƙa, su suka zaunar da shi a gida. To sai ga ɗansa na cikinsa ya zama mai shigo da kayan.

Zuwana gida na farko bayan na buɗe shago na kai masa shadda, ya sa aka mayar mini da ita ɗaki ko buɗewa bai yi ba. Da magariba ta yi muka fito ƙofar gida, da shi da maƙwabta, shi tari ba ya barinsa ya ja salla, sai mutane suka tura ni gaba, ka san baƙo ya zo daga ƙasar Larabawa. Na gyara tsayuwa ke nan sai Baba ya zare jikinsa daga sahu, ya ja buzunsa jikin bango.

Ya ce, "Ku bi shi ku. Ni ba na bin sa."

A gaban mutane fa. Ni kuma Allah ya zuba mini zuciya, na ce a raina sai ka ce ni na sa wa kamfanin kwaɗo. Na ja sallar ina huci, ban ma san surar da na karanta ba. Daga ranar muka koma sai gaisuwa, in na bugo waya ya ce lafiya lau ya miƙa wa Inna.

Da jikinsa ya yi tsanani an gaya mini. Na ce bari kayan nan su fita, sati mai zuwa ina hanya. Satin ya zo na ƙara wani. Ina tsaye a bakin ruwa a Port Saeed ta nan Dubai ana lodi ƙanena ya bugo ya ce Baba ya cika, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na kashe wayar na ce wa masu lodi su ci gaba. Kafin in isa Kano an kwana biyu da rufe shi. Na zauna a tabarma mutane suna ta Allah ya jiƙan rai, ina amin, ina amin, idona a bushe ƙamas. Da na samu Inna ita kaɗai na tambaye ta, "Inna, ya ambace ni kuwa? Ya ce ya yafe?"

Ta ce, "Numfashin ma da ƙyar yake ja, ina ya ga bakin magana."

Shi ke nan abin da na samu. Na dawo Dubai na ci gaba da buɗe shago, amma ni dai na san ba ni ba ne. Ban yi kuka ba, ban yi baƙin ciki ba, ban ji komai ba. Abinci duk ɗanɗano ɗaya, ciniki ya faɗa ko ya tashi duk ɗaya, salla ina yi saboda lokacinta ya yi. Wata huɗu ina haka.

Akwai maƙwabcina a bene, Isufu, mutumin Maraɗi, yana harkar madarar gari daga Poland. Shi ya matsa mini. Ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, kai ka zama gawa mai tafiya. Yalla, mu je ka ga wata ƙasa, ni in yi aikina kai ka yi yawon buɗe ido." Shi ya yi ta fama da takardun biza, ni hannu kawai na sa. Da ya ce mini Sin za mu ko Gabon, haka zan bi shi.

Garin da muka sauka a Poland sunansa Lodz a rubuce, su kuma wani abu daban suke faɗa wanda har na baro ban iya ba. Ƙarshen shekara ne, sanyi mai shiga ƙashi, rana ba ta fitowa sosai, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi. Ko'ina ka duba jan bulo ne da dogayen bututun hayaƙi da ba sa hayaƙi. Ashe garin masaƙu ne, su ma nasu sun mutu, sai suka mai da wasu kantuna, wasu wuraren cin abinci, wasu gidajen tarihi. Na yi kwana biyu ina bin titi hannu a aljihu, ina kallo kamar yadda ake kallon bango a layin asibiti. Isufu yana ta ɗaukar hoto yana cewa in yi murmushi, ina buɗe masa haƙora.

Rana ta uku ya kai ni wata tsohuwar masaƙa da aka mayar gidan tarihi. A ƙasa wata mata ta kunna wa baƙi inji ɗaya don su ji ƙararsa, Turawa suna toshe kunne suna dariya. Na tsaya na ce ashe wannan ne Baba ya yi shekara ashirin a ciki. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, shiru. Sai na duba waya na ga la'asar ta yi nisa, lokacinta kuwa a can ɗan tsiriri ne. Isufu ya ce shi sai ya koma masauki, yana jiran kiran wani mutum. Na yi alwala a banɗaki, na nuna wa matar da hannu cewa salla nake so in yi, ta nuna mini bene.

Saman wani dogon ɗaki ne, daɓen katako, injunan saƙa a jere an daina amfani da su, ba kowa. Na bi har ƙarshe na leƙa, ba kowa, kuma ƙofa ɗaya ce, katakon kuwa ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara. Na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rigar sanyina tsakanin inji biyu, na tayar da salla, raka'a biyu ta matafiyi.

Ina tsakiyar Fatiha sai na ji an taɓa mini kafaɗar dama da yatsu, sau biyu.

Kun san wannan. In mutum ya tarar kana salla kai kaɗai yana so ya bi ka, sai ya taɓa kafaɗarka ya tsaya a damanka, ɗan baya kaɗan, kai kuma ka zama liman ka riƙa ɗaga murya da kabbara. A masallatan kasuwar Dubai kullum ana yi mini. Na ce Isufu ne ya canja shawara. Na ɗaga murya na yi kabbara na tafi ruku'u, na ji an biyo ni, an ɗan makara, gwiwa ta yi ƙas. Sannan na ji numfashin, ja ɗaya da siririn fito a bayansa, ja ɗaya da fito. Kafin in ɗago warin man zafi ya cika mini hanci.

Za ku ce na tsorata. Wallahi ban tsorata ba, da ma na tsorata da ya fi mini. Idona yana kan inda zan sa goshi, ban karkata ba ko kaɗan, abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a kai: ya bi ni. Na yi sujada ya yi, na ɗago ya ɗago, ina jin kabbararsa can ƙasa-ƙasa tana bin tawa, da ƙyar, yadda yake yi in tari yana son ƙwace masa.

A raka'a ta biyu na ɗauko sura mai tsawo da gangan. Na gama na ƙara wata. Da na zauna tahiya na karanta ta a hankali, na yi salati, na kawo duk addu'ar da na sani, na sake komawa farko. Dalili kuwa, in na yi sallama dama zan juya fuskata, daidai inda yake zaune, kuma na san da na juya an gama. Ban shirya a gama ba.

Numfashin ya fara nauyi. Fiton ya ƙara tsawo, yana kakkatsewa, irin na ranakun da Inna take tashi ta dafa masa ruwan zafi. Yaro ma ya san liman ba ya ja da tsawo in da mara lafiya a bayansa, ni ma na sani, ina ji ina azabtar da shi, amma na ce bari in ƙara kaɗan. Hasken tagogin ya tashi daga fari ya koma toka-toka, ƙafata ta mutu a ƙarƙashina, ina ta maimaita salati. Na ce bari in ƙara kaɗan dai.

Sai numfashin ya tsaya. Ban ji an tashi ba, katako bai yi ƙara ba, ba tari, ba komai. An ja, fiton ya fito rabi, sauran bai zo ba. Na kasa kunne na jima. Sannan na yi sallama na juya, na ga ƙafar inji da daɓen katako. Na zauna ina jira in ji sallamar mamu a bayan tawa, ban ji ba.

A haka Isufu ya same ni, ashe ya dawo nemana, shi da matar, tana nuna agogo za su rufe. Ya ce, "Alhaji, lafiya? Na leƙo tun ɗazu na ji kana kabbara da ƙarfi, na ce wa yake ja, shi kaɗai ne. Na sauka na dawo har yanzu kana zaune." Ya miƙo hannu zai ɗaga ni, sai ya ja hanci ya ce, "Man zafi ka shafa ne?" Na ce masa a'a. Bai ƙara tambaya ba har muka hau jirgi.

Da muka dawo na samu wani malami ɗan Zariya da yake zama a unguwar Deira na kwashe duka na gaya masa. Ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, in cire wannan daga raina, akwai bayin Allah da ba ma gani kuma suna salla, wataƙila ɗayansu ne, wataƙila kuma zuciyata ce, in yawaita yi wa mahaifina sadaka da addu'a. Na ce na ji, Malam, amma ba wannan ya kawo ni ba. In mamu ya tafi kafin liman ya yi sallama, ya bi shi ko bai bi shi ba?

Ya ce, "In ya fita kafin sallama, bai idar tare da shi ba. Amma kai ina ka san ya fita? Mamu ai a hankali yake sallamarsa, ba dole ka ji ba."

Na yi masa godiya na taso. Na san lallashina yake yi. Ni na tashi a gida ɗaya da ƙirjin nan, bai taɓa iya yin komai a hankali ba, da yana nan lokacin da na yi sallama da na ji shi. Ko dai ya gaji da jirana ya tafi, ko an ɗauke shi lokacinsa ya cika, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya. Raka'a biyu ce kacal, da na yi ta yadda ake yi da mun idar tare.

Har yau in aka tura ni gaba a masallacin kasuwa, 'yan shago suna tsokanata wai sallata ta fi ta kowa sauri, Isufu yana ce mini liman mai jirgi, wai kamar jirgi zai tashi ya bar ni. Ina barinsu su yi dariyarsu. In kuma ina salla ni kaɗai wani ya taɓa mini kafaɗa, sai in kasa kunne har in ji numfashinsa lafiyayye ne, sannan in ci gaba.

Ni dai abin da zan ce muku, in an bugo an ce tsoho ba lafiya, ku bar kayan nan a inda suke ku tafi a ranar. In kuma Allah ya sa wani ya tsaya a bayanku, ko wane ne, ku sauƙaƙa, ku yi sallama tun yana nan.