Irin Guro a Cikin Toka

Bazara ce, irin wadda ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumbu sai la'asar ta yi sanyi. Shekarar duk a takure ta zo mana. Daminar da ta wuce ba ta cika rumbu ba, yaƙin Nasara kuma, can wata ƙasa da ba mu sani ba, ya sa tufafi sun ɓace daga kasuwa, har zanen da nake zuwa rijiya da shi ya zama ɗinki bisa ɗinki. Maigidana yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin hanya wajen Madawa. Gida ya rage daga ni sai uwarsa, wadda nake kira Inna, da ɗiyata mai shekara uku, da jariri a baya.

Daga wajen Garhanga aka kawo ni wannan ƙauye na kusa da Tabotaki. Ranar da za a taho da ni, uwata ta ɗaure mini wani abu a bakin zane. Irin guro ne, abin da mutanen gabas ke ce wa kuɓewa. Namu gajere ne mai kauri, da ja-ja a wuya, ƴaƴa biyar sun isa su ɗaure miyar gida guda. Ita ma wajen uwarta ta samo shi. Kowace damina nakan shuka shi a ƴar garkata ta bayan ɗaki, tare da yakuwa da kabewa, da kaka in cire irin baɗi. A kakar da ta wuce uwata ta rasu, garkarta kuma fara ta cinye tun kafin guron ya yi ƙwari. Abin da ya rage na wannan iri a duniya, iyakar sanina, shi ne cikin tafin hannu guda da na ajiye.

Yadda muke ajiye iri shi ne a cuɗa shi da toka, a zuba a ƙaramar tukunya, a liƙe bakin da laka. Ƙwaro ba ya shiga toka. Tawa tukunyar ƙarƙashin gadona take zama, amma a bazarar nan gara ta shiga ɗakina, sai na kwashe kaya na jibge a rumfar girki. Ban faɗa wa kowa abin da ke cikin tukunyar ba. Ban ga dalili ba.

Inna mace ce da ba ta yarda a zubar da komai. Ƙanzon tukunya takan jiƙa shi mu karya da safe. Ɓawon kabewa takan yanyanka ta shanya, ganyen wake ma haka. Ƙasari, ruwan da aka wanke gero da shi, na akuya ne, ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Idanunta sun yi hazo, da hannu take ganin yawancin abubuwa, amma ko ƙwayar dawa ta faɗi daga turmi sai ta lalubo ta. Da kanwa ta yi wuya a shekarar, ita ce ke tace mana ruwan toka na miya. Akwai wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi, takan shimfiɗa ciyawa ciki, ta zuba toka, ta kwara ruwa, ya riƙa ɗiga a ƙwarya.

Wata rana na tafi rijiya tun da asuba, ban dawo ba sai da rana ta take. Ina sauke tulu na hangi ƴar tukunyata a kife, lakar bakinta a farfashe. Inna tana zaune a inuwa, fuskarta da fara'a.

Ta ce, “Ke, ɗiyata, kin ga abin da na tsinta? Toka mai laushi, an liƙe ta kamar mai, an bar ta tana kwana. Ku yaran yanzu ba ku san darajar abu ba. Yau miya za ta yi daɗi.”

Na je na leƙa tukunya mai huda. Ga irin nan yana yawo bisa ruwa, wani ya nutse, duk ya kumbura. Na durƙusa ina tsince shi ɗaya-ɗaya. Matar ɗa ba ta ɗaga murya gaban uwar mijinta. Na ɗebo ruwan da na sha rana kafin in samo, na ɗauraye irin sau uku.

Inna ta ji ƙarar ruwa. “Mi kike wankewa da ruwan sha?”

Na ce, “Iri ne, Inna.”

“Wane iri?”

“Guron gidanmu.”

Ta miƙo hannu, na sa mata ƙwaya biyu. Ta daɗe tana murza su tsakanin yatsu. Ta san uwata, ta san ba ta da rai. Can sai ta ce, “Ya sha ruwa. Wanga ba ya jiran damina.” Ta mayar mini da su, ta ja sandarta ta shige ɗaki. Ran nan ba ta ci tuwo ba, ta ce cikinta ne.

Gaskiyarta. Iri in ya farka ba ya komawa barci. Kwana biyu wasu suka fito da farin baki cikin tsumman da na ƙunshe su. Ko in shuka yanzu, ko su ruɓe, ga shi ruwan sama sai nan da wata guda ko fiye. Tulu biyu nake samowa a yini, mu huɗu da akuya. Duk da haka na ɗauki hauya na shiga garka, na haƙa ramuka kusa da juna jikin danga, inda inuwar ɗaki ke faɗawa da yamma, na sa taki kaɗan, na rufe da karan gero.

Labari bai kwana ba. Maƙwabciyata, mace mai barkwanci, ta tare ni a bakin rijiya gaban kowa.

“Ku ba ta hanya, sarkin noma ta iso! Mu muna jiran Allah ya yi ruwa, ita ta riga ta yi shuka. Ko kin yi magana da hadari a ɓoye ne? In ya ba ki rana ki hwaɗa muna.”

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma da za mu tafi ta tsiyaya mini rabin ƙwarya daga tulunta, ta ce, “Ungo, ki kai ma ƴaƴanki na bayan ɗaki. In sun girma a ba ni guda aure.”

Inna ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Babba ba ya faɗin haka ga matar ɗansa. Abin da na gani shi ne, washegarin shukar, da azahar, ta ɗauki butarta ta wuce inda ta saba alwala, ta lallaba har cikin garka, ta lalubi ramukan da ƙafa, ta tsuguna a kansu ta yi alwalarta. Haka ta riƙa yi sau biyar a yini, kowane lokaci a kan wani rami dabam. Sai ta kafa doka a gidan. Wanke hannu, a garka. Wankan jariri, a cikin ƙwarya, a kai ruwan garka. Ƙasari aka raba biyu, akuya ta yi ta kuka, Inna ta ce mata, “Yi shiru, ke ma kin ci ganyen guron nan bara ba da izni ba.” Ta sa na binne wani fasasshen tulu tsakanin ramukan, muna zuba ruwan wanke ƙore a ciki, yana tsattsafowa a hankali ta ƙarƙashin ƙasa inda rana ba ta kai.

Goma sha ɗaya suka tsiro. Sauran kuwa ruwan toka ya riga ya ƙone su. Kaza ta tone biyu, zafi ya kwantar da uku. Ɗiyata takan tsuguna ta ƙirga su da yatsa, ta ruga ta faɗa wa kakarta, ita kuma ta ce, “Ƙarya kike, ƴar nema, jiya kin ce bakwai. Ko ke kika cinye guda?”

Sai rijiya ta ja baya, na koma samun tulu ɗaya da ɗan kari. A kwanakin nan na lura leɓen Inna ya tsage, muryarta ta dushe, ga shi kullum goran shanta babu komai. Wata la'asar na dawo daga ɗebo itace na iske ta a garka, tana tsiyaya goran a gindin guro.

Na ajiye itacen. Na ce, “Inna, wannan na shanku ne.”

“Na sha.”

“Ba ku sha ba.”

Ban taɓa musa mata magana ba sai ranar. Na karɓi goran, na cika shi daga tulu, na durƙusa na riƙe mata. Na ce, “In ya bushe, ya bushe. Uwata ba za ta so a ce guronta ya sha ke kin kwana da ƙishirwa ba.” Da na ji na ce mata “ke” sai kunya ta kama ni. Ita kuwa ta sha, ta sha, ta goge baki, ta ce, “Ashe kina da baki.” Daga ranar nake tsayawa sai ta shanye a gabana.

Huɗu ne suka ga ruwan farko. Da ƙasa ta jiƙa suka miƙe kamar an ja su da igiya, suka riga guron kowa fure. Maigidana ya dawo a rame ana tsakiyar noma, ya ga guro ya yi ƴaƴa, ya ce a yi masa miya. Inna ta ce, “Ka ci yakuwa.” Ƴaƴan farko duk ta ɗaure musu kaba a wuya, alamar na iri ne, ba mai taɓawa. Sai da ta lalubi ashirin masu kaba sannan ta yarda aka tsinki na miya. Maƙwabciyata ma ta samu nata.

Da kaka masu kabar nan suka bushe suka fara tsagewa. Wata yamma muka zauna a tabarma, ni da Inna, muna ɓare su a faifai. Irin ya cika tafi uku. Ta tura mini faifan, ta ce, “Ki kai shi inda hannuna ba ya kai. Ni ba ni ganin abin da nike taɓawa.” Ta faɗe shi a hankali, fuskarta na kallon wani waje.

Washegari da safe na tankaɗe toka, na cuɗa irin, na zuba a tukunyar nan tawa. Na kwaɓa laka na liƙe bakin, na yi mata tudu uku a sama, manya, yadda yatsa ba zai wuce su ba. Na kai wa Inna tun lakar ba ta bushe ba, na kama hannunta na bi da shi kan tudun ɗaya bayan ɗaya. Sannan na shiga ɗakinta na tura tukunyar ƙarƙashin gadonta, na ɗauki tulu na tafi rijiya.