Ƙyallayen Inna

Adudu bakwai Inna take da su, ban da buhu biyu da ke rataye a jikin azara, kuma babu komai a cikinsu sai ƙyallaye. Yayana ya ce guda ɗaya za ta ɗauka. A tsaye ya faɗa, a bakin ƙofar ɗakinta, yana kaɗa makullin babur.

"Mota guda ta, Inna, kuma ɗaki guda na. In anka sa gado da tukwane da hatsi, ina za a aza wanga kaya?"

Ni ya kalla, ya ce ranar Alhamis da safe motar za ta zo, in san yadda zan yi kafin nan. Ya hau babur ɗinsa ya koma Gummi ya bar ni da aikin.

Shekarar da sojoji suka canza launin kuɗi ce, ƙarshen bazara. Babanmu ya shekara biyu da rasuwa, bangon ɗakin Inna a Bukkuyum ya tsage tun daga sama har ƙasa, kowa ya san ba zai ɗauki wata damina ba. Yaya ya gina mata ɗaki a gidansa, ɗan ƙarami. Ni kuwa daga Anka aka kira ni, inda nake aure, na baro yara uku a hannun surukata. Na zo da niyyar kwana uku, da kuma zuciyata da ba ta da tsawo, wadda duk dangi sun san da ita.

Tun kafin a haife ni Inna take haɗa ƙyalle. Telolin kasuwa suna tara mata ragowar yanka, mata suna aiko mata da bakin zanen da ya saura. Sai ta yanka su daidai tafin hannu, ta jera launi da launi, ta ɗinke da allura. Ta shimfiɗa tsohon zane a tsakiya, ta yi masa shafi da akoko ko alawayyo, ta bi shi da ɗinki layi-layi har ya zama abin rufa mai nauyi. Da wuya a sami jaririn unguwarmu da bai kwanta a kan aikinta ba. Amma a lokacin da nake ba da labari yanar ido ta rufe mata gani, shekara uku ke nan ba ta gama ko guda ba. Tarawar ce kawai ba ta daina ba.

Yadi guda ne a ɗakin da ba na ɗinki ba. Da ta je Makka ta sayo farin alawayyo, ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta, ta shanya shi a can ya bushe. Likkafaninta ne. Dukanmu mun sani, domin ba ta ɓoye ba, kuma mun san yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ta sha gaya mana cewa ko ba a yi mata komai ba, a sa ta a cikinsa.

Ranar Litinin muka fara. Na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, na zazzage adudu na farko, na ce abin ɗauka dama, abin bayarwa hagu. Inna ta zauna ta miƙe ƙafa. Kowane ƙyalle sai ta ɗauka ta murza shi tsakanin yatsu, wani ta kai hanci.

"Wanga shadda ta, ragowar rigar da babanku yas sa ranar da anka naɗa mai unguwa. Aje shi dama."

Ta ɗauki wani, na zanen goyon Yaya ne. Wani na ƙanwarta da ta rasu a haihuwa. Wani atamfar da aka yi yayi shekarar da gulbi ya ci gonaki. Ba ta gani, amma ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, na gwada ta. Ta tsinto wani ɗan farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙwai don tsufa, ta ce a cikin irinsa aka naɗe ni ranar da na zo duniya, wai tun ran nan nake da tsiwa. Na ce to a jefa shi hagu, mai shi ta yafe. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Da la'asar ta yi, abin da ke hagu bai cika faifai ba.

Talata ma haka. Rana ta take, zufa na bin bayana, ina tunanin yaran da na baro, ita kuwa tana ba ni tarihin wani guntun leshi. A nan na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta.

"Inna, don Allah, idon da za ki ɗinka su da shi yana ina?"

Ta ajiye guntun leshin a hankali. Ta jawo buta ta tafi alwala, alhali lokacin salla bai yi ba.

Laraba da hantsi aminiyarta ta zo ta riƙe mata hannu, suka fita zagayen bankwana da mutanen gari. Tana fita na ga dama ta samu. Na cika adudu guda da abin da ta fi yi wa magana, na tura shi lungu. Sauran na fito da su tsakar gida na aika a kira matan unguwa. Kafin ka ce kwabo an watse da su, har da Fulanin da suka kawo nono sun samu.

Mafi kyawun adudun na ware wa matar malamin asibiti. Kirista ce, daga kudancin Zariya aka turo mijinta aiki, kuma ita kaɗai ce a garin ta zauna ta koyi haɗin ƙyalle a wurin Inna, har ta fi ta sauri don tana da keken ɗinki. Mama take kiran Inna. Da muke duba kayan ni da ita, a can ƙasan adudun muka ga wani ƙunshi a cikin tsohon baƙin zane. Na ɗaga gefe na ga fari.

"Na shafi ne, haɗa da shi," na ce.

Ban sunkuya na duba ƙarƙashin gado ba. Taku uku ne tsakanina da akwatin.

Bayan azahar Inna ta dawo. Ina zaune a bakin murhu ina jiran faɗa, na ma shirya amsoshina. Ta shiga ɗaki tana lalube, na ji hannunta yana bin bango. Ta daɗe. Da ta fito ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Guda kinka bari."

"Guda Yaya ya ce, Inna."

"Akwai ƙunshi cikin baƙin zane. Wa kinka ba?"

Na ce farin yadin shafi ne, na ba ɗalibarta. Ta nemi bango ta dafa.

"Akwatin ya yi tsatsa tun bara, da ɗaki ya yi yoyo. Ni da kaina na hidda abin da ke ciki na sa cikin ƙyalle, inda gara ba ta zuwa. Likkahwanina na."

Ban tuna na ɗauki mayafi ba, sai a hanya na ga zanen shanya ne a kaina. Gidan malamin asibiti yana can bayan kasuwa. Ina tafe ina lissafi: da hantsi matar ta ɗauka, tana da yara, tana da girki, wa zai zauna ɗinki da wannan zafi? Na kusa yarda da kaina. Tun daga bakin darni na jiyo ƙarar keken.

Tana ganina ta yi dariya, ta rufe aikin da hannu biyu, ta ce kada in gaya wa Mama. Wai so take ta gama abin rufa guda kafin gobe, ta ba Mama ta tafi da shi Gummi, don ta san ba ta koyar a banza ba. Ta ɗage hannun ta nuna mini. Fari da ja, fari da ja, an jera gwanin kyau. Kusan rabin alawayyon ta yanka daidai tafin hannu, kamar yadda aka koya mata.

Da na gaya mata ko mene ne, sai ta zame daga kan kujera ta zauna a ƙasa. Ta ce ita ta ga tabon ruwa a jiki, ta ɗauka yoyon ɗaki ne. Ba laifinta ba ne, na gaya mata haka, ko da yake a lokacin ina neman wanda zan ɗora wa. Ta ɗauko reza biyu. Muka zauna muna farke ɗinkin, tana kuka, ni ina ƙirga farare ina tarawa a cinya. Guda ɗaya reza ta ci shi har ya tashi daga aiki.

A hanyar komawa na ratsa ta rumfar masu yadi. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Na tsaya, na sa aka warware mini sabon alawayyo, na riƙe shi. In na jiƙa shi a rijiya na shanya, zafin nan zai busar da shi kafin magariba, kuma Inna ba ta gani. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma yatsunta na tuna. Matar da ta gane shaddar Baba bayan shekara talatin, ita zan kai wa ruwan rijiyar Bukkuyum in ce zamzam ne? Na ajiye wa mai yadi kayansa, yana ta mita na wuce.

Na same ta inda na bar ta. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabanta, na ce an yanka. Ta kwance, ta shafa babban ɓangaren da ya tsira, ta bi bakin yankan da yatsa. Sannan ta shiga ɗaukar ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Aka kira la'asar, ta tashi ta yi salla, ta dawo ta zauna, duk ban motsa ba.

"Dut suna nan?"

"Saura guda, Inna. Ya lalace. Ki yafe mini."

Ta jawo zare guda daga bakin yadin, ta tsinke shi da haƙori, ta lalubo allura daga gwangwaninta ta miƙo mini duka biyun.

"Zura min."

Da safe, kafin motar ta iso, ta sa na jawo adudun da na bar mata. Ta kife shi a kan tabarma da kanta, shaddar Baba da zanen goyon Yaya da komai, ta ce a kai wa ɗalibarta, ita ke da ido. Na roƙe ta ta ɗauki ko kaɗan, akwai wuri. Ta ce aikin da ya rage mata ya ishe ta. Farin yadin kawai ta sa a ciki, da gwangwanin allura, kuma a kan cinyarta ta riƙe adudun har Gummi. Yaya ya yaba mini, wai na iya aiki.

Wata bakwai ta yi tana haɗa shi. Ba ta yarda kowa ya sa hannu ba, kuma ba ta yarda da zaren kasuwa ba, sai na jikin yadin. Duk bayan mako biyu nakan shigo motar Anka in zo in zura mata allura ashirin, in soke su a jikin karan dawa, ta riƙa zara ɗaya-ɗaya har in dawo. Muna hira, tana tsokanata, tana tambayar yara. Sau biyu na sake neman gafara, sau biyu ta miƙo mini allura. Daga nan na bari, amma abin bai bar ni ba.

Ta shekara huɗu a Gummi. Ranar da ta rasu, da walaha, Yaya ya aiko da sabon yadi daga kasuwa, ya ce ba za a kai mahaifiyarsa da maho ba mutane suna kallo. Na fita har zaure, abin da ban taɓa yi ba, na ce masa a gaban abokansa wannan karon ba shi zai faɗi abin da za a ɗauka ba. Ya kalle ni, ya karɓi yadinsa.

Ni da aminiyarta muka warware likkafanin. Rabinsa lafiyayye, rabinsa ɗinki ne a karkace, wani wuri ya tattare, wani wuri da ɗigon jinin yatsa da ya bushe. Ina shimfiɗawa ina neman gurbin guda ɗayan da reza ta ci, don na san dole a sami rami. Babu rami. A wurin akwai wani ɗan ƙyalle da ya fi sauran laushi, ya koma ruwan ƙwai don tsufa, an ɗinke shi ta kowane gefe sau biyu.

Aminiyarta ta tambaye ni me na tsaya kallo, ana jiranmu a waje. Na ce ba komai, na ɗora hannuna a kai. Sai da ta janye mini hannun sannan muka naɗe ta.