Safiyar Litinin da Alhamis a Layin Madam

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Tarauni, ni ne mai haɗa jadawalin darasi. Ba don na fi kowa iyawa ba ne, ranar da aka raba aikin ce ban zo taro ba. Aiki ne da ba a gode wa mai yin sa. Ka ba malami darasin farko ya ce ka tsane shi, ka ba shi na ƙarshe ya ce so kake zafi ya kashe shi.

Jadawalin a fayil ɗaya yake, cikin tsohuwar kwamfutar ofishin malamai. Shafi guda na azuzuwa ne, ɗayan na malamai. Na ɗaure su da juna yadda in na sa malami a aji zai fito a layinsa a ɗaya shafin, in kuma na haɗa masa aji biyu lokaci guda gidan ya yi ja. Damuwata ita ce shafi ɗaya kawai nake iya gani. In gyara nan, in leƙa can, kafin in dawo na manta abin da na gano.

Akwai malamar Turanci, mutuniyar Filato, kowa Madam yake ce mata. Maƙwabciyata ce a Gyadi-Gyadi, sau da yawa adaidaita ɗaya muke shiga. A shekarar mijinta ya kamu da ciwon ƙoda, aka sa masa wankin ƙoda a asibiti duk Litinin da Alhamis da safe. Yaransu na makaranta a gida Filato, ita kaɗai ce mai kai shi. Ta fara rasa darussan safe, iyaye suka fara magana, Hajiya mai makarantar ta kira ni.

"Malam, ba na son in rabu da ita," in ji Hajiya. "Amma ba zan bar aji babu malami ba. In jadawalinka zai ɗauke ta, to. In ba zai ɗauka ba, zango mai zuwa sai na nemi wani."

Na kawo maganar a taron malamai. Kowa ya ce Allah sarki, a taimaka mata mana. Da na tambayi wanda zai karɓi safiya ya ba ta nasa lokacin na rana, sai kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ba shi da darasin farko yakan kai yaransa makaranta, ya karya a natse, ya kauce wa cunkoso.

Na koma na yi ta fama ni kaɗai. Duk inda na ɗauke ta, wani gida ya yi ja a shafin da ba na gani. Wata rana bayan azahar, cikin lalube da haushi, na danna wani abu a sama, sai ga taga ta biyu ta buɗe da jadawalin nan dai. Na ɗauka na haifi fayil na biyu, yanzu ba zan san na gaskiya ba. Na rubuta harafi a ɗaya don gwaji, ya fito a ɗayar. Ashe fayil ɗin ɗaya ne, wurin leƙawa ne ya zama biyu. Na jera su, azuzuwa a hagu, malamai a dama, na zauna ina kallo ina dariya ni kaɗai.

Washegari lokacin tara na kira malamai gaban kwamfutar. Madam ba ta nan, ranar asibiti ce. Ban yi wa'azi ba. Na goge darasinta na safiyar Litinin a hagu, suka ga layinta ya yi fari a dama, ajin kuma ya zauna babu kowa. Na sa malamin kimiyya a gurbin, gidansa ya yi ja. Na cire shi. Yanzu kowa na ganin layinsa da idonsa, yana kuma ganin darasin nan dole ya sauka a kan wani.

Malamin Arabiyya dattijo ne, daga Hotoro yake zuwa, ba wanda ya kai shi ƙorafi a kan jadawali. Ya gyara tabarau ya matso har hularsa na taɓa allon.

"Sa ni a nan," ya ce. "Litinin da Alhamis dama azumi nake, babu karin kumallon da zai tsare ni."

Na sa shi, na mayar da Madam gurbinsa na rana. Babu ja. Malamin kimiyya ya yi tsaki ya karɓi guda, malamar tarihi ta karɓi guda. Saura na Alhamis na farko. Dattijon ya bi tagar dama da yatsa har ƙasa.

"Wannan layin da ya yi fari tas da safiyar Alhamis fa, na wane bawan Allah ne?"

Nawa ne. Mai rabo ai yakan ɗan taɓa. Aka yi mini dariya son rai, na rubuta kaina a gurbin, na yi ban kwana da kokona da ƙosaina na Alhamis.

Da na nuna wa Madam sabon jadawalin, ta daɗe tana kallon layinta. Daga baya ta aiko wa kowannenmu da dankalin Turawa daga gida. Haka muka yi zango biyu, kuma na ji daɗin wannan aikin fiye da duk wanda na yi a makarantar.

Mijin ya rasu da damina. Muka je mata gaisuwa kafin a tafi da gawarsa gida Filato, dattijon ne ma ya yi mana jagora. Da ta dawo bayan hutu ta rame, amma ta shiga aji kamar kullum. Mun yi shawara tsakaninmu a bar jadawalin yadda yake, ta samu ta riƙa hutawa.

Wata Alhamis na fito daga darasin farko na tarar da ita zaune gaban kwamfutar, jakarta a cinya.

"Madam, ai ba ki da aji sai an dawo tara."

"Na sani, Malam. Buɗe mini abin nan naka mai taga biyu."

Na buɗe. Ta nuna fararen gidajen da ke layinta.

"Ka mayar mini da su."

Na ce mata babu wanda ya gaji, kowa ya saba, ta bar mana.

"Na gode muku," ta ce. "Amma har yanzu duk Litinin da Alhamis da asuba nake tashi in dafa ruwa, in shirya jaka. Sai na gama in tuna babu inda za ni. Ka ba ni aji, Malam."

Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na fara da na Litinin.