Shekarar da Jiha Ta Wuce Ni

Ku matso, ku aro mani kunnuwanku. Wagga ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Ina zaune Ƙaura gidan ɗana direba, jikata da anka sa wa sunana ta dawo daga makaranta tana haki. An zaɓe ta gasar kacici-kacici, ita za ta amsa tambayoyin tarihi. Ta baje littattafai tsakar gida tana haddar shekaru kamar mai ƙirga tsakuwa, tana hamma.

"Takwara," tac ce, "ke da kin ga jiya, tsakanin ba mu jiha da kawo Shari'a shekara nawa ne? Shafin ya yage."

Ban ko ɗaga kai daga tsintar wake ba. Nic ce, "Wace shekara? Tare sunka zo, damina guda."

"Kin tabbata, tsohuwa?"

"Ina da haƙorana duka sa'adda anka yi. Tafi ki faɗa."

Ta tafi ta faɗa. A gaban malamai da ɗaliban Zurmi da na Shinkafi ta miƙe tac ce shekara guda anka yi su. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ashe jiha ta riga Shari'a da wasu shekaru, har yaran firamare sun san haka. Ta dawo ta jefar da takalmi, tac ce, "Kin kashe ni, takwara. Kanki ya fara kwancewa."

Wasa take yi, irin na jika da kaka. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba. Innata haka tata ta fara: ta ɗora bara bisa bana, ta tambayi mutanen da sunka daɗe da rasuwa, daga baya sai da anka riƙa kulle ƙofa kada ta bi hanya. Ni na yi jinyarta, na san yadda abin ke shigowa. Na daina cin tuwo sosai. In na yi sallah sai in zauna ina jera sunayen jikokina daga babba zuwa ƙarami, in gani ko wani ya ɓace.

Ranar Alhamis na bi motar ɗana zuwa kasuwar Shinkafi, na nufi rumfar aminiyata mai daddawa, 'yar Jangeru. Tun muna amare muke tare, ba ta iya rarrashi ba.

Na faɗa mata komai. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, rashin hankalinki ai ba sabo ba ne. Zauna. Ranar da anka ce an ba mu jiha, 'yan acaɓa na ta hon, matasa sun hau rufin motoci, kina ina?"

Na laluba, ban samu komai ba. Hawaye sunka taho.

"Tsaya da kukan. Malam mijinki yaushe ya kwanta ciwo?"

"Da kaka, ana yankan gero."

"Wace kaka?"

Sai ta tafa hannu har daddawa ta zube daga faifai. "Kakar nan ce! Ni da na zo dubiya gidanku Birnin Tsaba, a bayan akori-kura na zo, yara na ta ihun sabuwar jiha. Na iske ki kina ba shi kunu da ludayi. Na buɗe baki in faɗa maki, kika ce in rage murya ya samu barci. Daga nan ya cika, kika shiga takaba. Wa zai kawo maki zancen gwamna cikin ɗaki?"

Haka ne kuwa. Na tuna ludayin, na tuna warin man zafi, na tuna yadda yake kiran ruwa ba ya iya sha. Duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Bayan takaba ban faye fita ba. Ranar da na ga duniya ta sauya ita ce ranar da na zo tasha anka nuna mani motar mata daban, ana cewa Zamfara, ana cewa Shari'a. Sai na ɗaure su a ƙulli guda.

Ashe ban manta ba. Labarin ne bai taɓa iske ni ba. Alhamdulillahi. Nan take na sayi ƙosai na cinye a tsaye, aminiyata na cewa in bar ma yara.

Da na koma na ce wa jikata littafinta ya fi ni gaskiya, amma ta zo ta ji abin da ke faruwa ɗakinmu sa'adda ake hon a titi. Ta zauna, ba hamma. Ta tambayi irin muryar kakanta, ta tambayi abin da yac ce na ƙarshe.

"To mi ya sa ba a tambayar wannan a gasa?" tac ce.

"Wa zai ba ki maki a kan ludayi?"

Ita dai ta sake shiga gasar da shekara ta zagayo, ta faɗi a wata tambayar daban, ba da hannuna ba. Yanzu malama ce a Zurmi, an ce takan tura ɗalibai su tambayi tsofaffinsu kafin su buɗe littafi. Ɗana ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni, yana sayar da taya a tasha. Aminiyata ta riga ni, Allah Ya jiƙanta, ɗiyarta ke zama rumfar. Ni kuwa ga ni, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma ƙofata a buɗe take kwana.